Ankon Matan Asabar

Shekarar da muka ƙaura Damagaram, ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba. Maigidana ya samu aikin koyar da Turanci a wata kwaleji a Zinder, wato Damagaram ɗin, ni kuwa na biyo shi daga Zariya da keken ɗinkina da tukwane biyu da girman kai wanda ya fi su duka nauyi. A ganina ba baƙunta za ni ba. Hausa suke yi, Hausa nake yi, tuwo suke ci, tuwo nake ci. Ban cika kwana uku ba na gane kurena. Na tambayi wata mata hanyar asibiti, ta tsaya tana kallona, sai da na ce inda ake yin allura sannan ta ce, "Au, likita kike nufi." Makaranta lakwal ce, famfo pampo ne, maigidana da na sani malam ya koma mushe. Mu kuma duk wanda ya tsallako daga kudu sunansa ɗan Ingilishi, ko da bai taɓa furta kalmar Turanci ɗaya ba.

Mun kama haya a unguwar Zango, gidan ƙasa mai ɗaki biyu, katanga ɗaya da wata dattijuwa 'yar majami'armu wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Kowa Inna yake ce mata. Aikinta wanke-wanke da shara a ɗakin haihuwa na likita. Ranar da muka sauka ta shigo da tulun ruwa a ka, ta dire mini a tsakar gida, ta ce sannu da hanya. Na yi godiya a baki, a raina kuwa ina cewa wane irin gari ne wannan da ake yi wa baƙo maraba da ruwan banza. Sai da na yi mako guda ina tsayuwa a layin pampo, wata rana in dawo da bokiti a bushe, sannan na san abin da matar ta ba ni.

A majami'a mutanen kirki ne, malaman lakwal da 'yan kasuwa da ma'aikatan likita, kaɗan ne su kuma sun san juna ciki da bai. Sun gaishe ni, sun ba ni wurin zama. Ni ce na ɓata. Lahadi ta biyu na gaya wa matan cewa suna jan waƙa da yawa, a Zariya ba haka muke rera ta ba. Daga ranar gaisuwa ta gajarce.

Kaɗaici ne ya kai ni gidan Shugaba. 'Yar wajenmu ce, mijinta yana da manyan motoci da ke ɗauko hatsin taimako daga kan iyaka, saboda haka farin da ke rage kowa su ƙiba ya sa su. Babu wanda ya zaɓe ta, ita ta raɗa wa kanta sunan, mu kuma muka bi saboda gidanta na siminti ne kuma tana da firji mai kananzir. Kowace Asabar da la'asar mukan taru, mu bakwai. Akwai matan malamai irina, da matar wani mai sayar da kayan gyaran mota, da wata 'yar Dahome matar akawu wadda ba ta cika magana ba, sai Baturiya ɗaya, matar injiniyan haƙa rijiyoyi. Ita Baturiyar ta ce koyon Hausa ya kawo ta cikinmu. Wata tara tana zuwa, abin da ta samu kalma uku ne: sannu, nawa, madalla. Madallar ce ta fi kama bakinta. Ranar da ɗaya daga cikinmu ta ce an aiko mata mahaifiyarta ta rasu, Baturiya ta dafa kafaɗarta ta ce madalla.

Aikinmu a wurin biyu ne, shan lemo mai sanyi da zagin gari. Ruwansu kanwa, namansu tauri, matansu ba su iya ɗaurin kallabi ba, Hausarsu ta gurɓace da Faransanci. Wannan na ƙarshe mukan faɗe shi da bakin da ba ya iya haɗa jimla biyu ba tare da ya tsoma Turanci ba. Kada in yi ƙarya, na ji daɗin wurin, kuma harshena ya fi na kowa kaifi. Ni ce mai kwaikwayon maganar Inna, yadda take cewa "ɗiyata" tana ja, su yi ta dariya har da riƙe ciki.

Muna wannan, ƙauyuka suna zubowa cikin gari. A bakin duwatsun bayan gari mutane suka kafa rumfunan kara da tsummoki. In ka bi hanyar Mirriya, mushen shanu ne dama da hagu, har ungulu ta ƙoshi ta bar su. Gidan Inna ma ya cika. Ita ta shiga addinin Kirista ne lokacin aurenta, danginta kuwa suna nan ƙauyensu Hamdara, Musulmi manoma. Ƙanwarta ta zo da yara uku, mijin ya tafi Kano neman abin da zai aiko. Doguwar mace ce, siririya, mai tsaga a kumatu, idan ta dube ka sai ka gyara tsayuwa. Takan shimfiɗa tabarmarta ta yi salla a gindin bedi, wato darbejiya, Inna tana gefe da Littafinta a cinya, ba mai ɗaga wa wata kai. Ta saman katanga nakan ji warin abin da suke jiƙawa, 'ya'yan anza, wata bishiyar daji mai ɗaci wadda ba a tuna ta sai yunwa ta zo. Na kai labarin warin gidan Shugaba, aka yi dariya.

Wata Asabar Shugaba ta ajiye kofinta ta ce, "Mata, duniya tana kallonmu." Babu mai kallonmu, amma muka gyaɗa kai. Ta ce dole mu ciyar da mayunwata rana ɗaya, a san cewa matan baƙi suna da zuciya. Magana ta farko da aka sa a gaba ita ce anko. Asabar uku muka ci muna gardama tsakanin shuɗi da ruwan goro, har mutum biyu suka daina yi wa juna magana. 'Yar Dahome ta buɗe baki sau ɗaya ta ce, "Me zai hana mu bar atamfar, mu sayi gero?" Aka dube ta kamar ta saki iska a tsakiyar taro, sannan aka koma kan launi. Ruwan goro ya yi nasara. Ni aka ba ɗinkin, kwana goma kekena bai huta ba, riga bakwai masu hannu da tattara, kuma na yi alfahari da su.

Abincin da aka tsayar shi ne shinkafa dafa-duka, da mai har ya taso sama, da nama da barkono. Inna ta ji labari, ta leƙo ta katanga ina shanya.

"Ɗiyata, na ji za ku yi sadaka. Allah ya ba da lada. Amma cikin da ya yi wata biyu yana cin anza da dusa, ba a fara shi da mai. Ku dama kunu mai ruwa-ruwa, ku ba su kaɗan-kaɗan."

Na kai wa Shugaba maganar. Ta ce, "Kunu? Mu ɗinka anko mu tsaya muna raba kunu? Wa ya faɗa miki haka, mai sharar nan?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Saura kwana biyu Shugaba ta ja ni gefe. Ta ce Baturiya za ta ɗauki hotuna ta aika ƙasarsu, kuma mutanen bakin gari ba sa shiryuwa, turereniya za su yi. "Ki kawo mana baƙin maƙwabciyarki, su zauna a gaba. Na ji an ce masu tsabta ne."

Na shiga gidan Inna da yamma, na samu ƙanwar tana saƙa faifai. Na ce mata muna gayyatarta gidan wata ƙawata ranar Asabar, ita da yara.

Ta ɗago ta dube ni. "Biki ne?"

Na ce, "Kusan haka ne."

Ranar ta zo. An jera manyan tukwane a ƙofar gidan Shugaba, mu bakwai mun tsaya cikin ruwan goro kamar jerin gwanda, mutane sun yi layi har kwanar titi, kowa da ƙwarya ko gwangwani. Sai ga ƙanwar Inna tafe. Ta ɗaura baƙin zanenta na rini mai sheƙi, wanda daga baya na ji shi kaɗai ya rage ba ta sayar ba, ta yafa mayafi. Ta yi wa yaran wanka, a garin da ake faɗa kan guga ɗaya, ta sa musu kwalli. A hannunta akwai faifai biyu sababbi, domin a wurinsu ba a zuwa biki hannu sake. Da ta ga layin ta rage tafiya, amma ta ƙaraso.

Baturiya ta ɗaga na'urarta ta leƙa, ta sauke, ta yi magana da Faransanci. 'Yar Dahome ce kaɗai ke jin ta sosai, ta kau da kai ta ƙi fassarawa. Shugaba dai ta gane. Ta matso tana murmushi.

"Baiwar Allah, ɗan cire mayafin nan. Ki zauna a ƙasa, nan. Ga kwano, ki riƙe shi da hannu biyu, ki ɗaga kai sama. Yaran kuma a goge musu kwallin, hoto za a ɗauka."

Matar ba ta dubi Shugaba ba, ni ta duba. Ban san inda zan kai idona ba, sai na ajiye shi a kan tattarar hannun rigata.

"Madam," in ji ta, muryarta a kwance, "ce mini aka yi biki. Ni daga Hamdara nake, gonar mijina ba a zagaye ta kafin rana ta take. Shekarun da gyaɗa ta yi, motoci irin na mijinki a ƙofarmu suke yini suna jiran awo. Ruwa ne bai zo ba, Madam. Hannuna bai mutu ba."

Ta ɗora faifan a kan teburin da aka jera kwanoni. "Wannan da shi na zo, ba na komawa da shi." Ta juya. Ƙaramin yaron ya ji ƙanshin shinkafa, ya tirje yana kuka yana miƙa hannu wajen tukunya. Ta sunkuya ta goya shi, ta kama hannun biyun, suka tafi. Baturiya ta bi bayansu da kallo, ta ce madalla.

Shugaba ta tafa hannu ta ce a fara rabo. Aka samu wata tsohuwa da ba ta da ƙarfin gardama, aka zaunar da ita a ƙasa, aka ɗauki hoton. Mutane suka ci hannu baka hannu ƙwarya, wasu ba sa ko taunawa. Kafin rana ta faɗi amai ya fara, washegari gudawa ta biyo. Inna ta ga wasunsu a likita, yara sun yi laushi kamar tsumma. A iya sanina ba a rasa rai ba, amma sanin nawa gajere ne, domin babu ɗaya cikinmu da ta je bakin duwatsu ta tambaya.

Asabar da ta biyo na sake zuwa. Shugaba ta ce laifin cikinsu ne, ba su saba da abu mai kyau ba, ita kuwa waccan mai mayafi butulci ne da girman kai na talaka. Faifan nan biyu ina ganinsu, an rufe kwanon cincin da su. 'Yar Dahome ta miƙe, ta ce da Hausarta mai tsalle, "Ku ba ku da kunya. Ni ma ba ni da ita, tunda na sa rigar." Ta ɗauki jakarta ta fita. Da ina so in ƙawata labarin nan da na ce na bi bayanta. Ban bi ba. Na zauna na shanye lemona, na ci cincin biyu, na yi sallama kamar kullum. Abin da kawai na iya shi ne ban sake komawa ba.

Kwana huɗu ina jin motsin mutanen gidan Inna ta katanga na kasa shiga. Rana ta biyar na tsaya a bakin ƙofa ina sallama ƙasa-ƙasa. Inna ta ce, "Shigo, ɗiyata, ƙofar tana inda kika bar ta." Ƙanwar tana tsugune gaban babbar tukunya tana tsiyaye ruwan anza. Na durƙusa a gefenta.

Na ce, "Yaya, ƙarya na yi miki."

Ba ta daina tsiyaya ba. "Na sani. Yaron nan har gida yana kuka. Da kin faɗa mini gaskiya da na aika su su kaɗai, su ci su dawo. Yaro ba ruwansa da wulaƙanci."

Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta fara sanyi, sannan ta ce, "Kina da ruwa a gidanki?"

"Akwai tulu biyu."

"Kawo ɗaya. Abin nan sai an yi kwanaki ana sake masa ruwa, in ba haka ba ɗacinsa ya ƙone wa yara hanji."

Na kawo. Washegari ma na kawo. Ban taɓa jin ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban sake tambaya ba. Bayan mako guda na ɗauko kekena na kafa shi a gindin bedin. Gidan Inna ya zama masauƙin mutanen Hamdara da Zermu masu shigowa gari, kowa da rigar da ta yage a kafaɗa ko zanen da ya ɓule a gwiwa, ni kuwa ina da ƙyallaye masu yawa da suka rage, yawancinsu ruwan goro. Na daɗe ina ganin facin nan yana yawo a kasuwa.

Ranar da ta fara ba ni dafaffen anza na ɗanɗana, fuskata ta tattare, sai ta fashe da dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta ce, "'Yar Ingilishi, haɗiye, ba a shawara da shi." Daga nan ta kama tsokanata. Ta ce Hausata ta littafi ce, ina magana kamar mai karanta sanarwa a rediyo, ta kuma iya kwaikwayona fiye da yadda na taɓa iya kwaikwayon yayarta. Na ji zafi, na kuma san ba ni da bakin ƙorafi.

'Yar Dahome ta nemo gidana da kanta, ta zo da rabin buhun gero a bayan keken mijinta. Muka fara dama kunu kowace safiya a tukunyar Inna, Yaya, wato ƙanwar Inna, tana daka, ni ina kawo ruwa, 'yar Dahome tana hura wuta, Inna kuwa ita ke cewa wa za a ba kuma ludayi nawa, ba mai musa mata. Ba mu ciyar da mutane da yawa ba, wasu ranakun tukunyar takan ƙare ana tsaye. Matan majami'a suka ji, wannan ta kawo tsamiya, waccan ta kawo itace, gaisuwarmu ta ƙara tsawo. Saƙo ya zo mini daga gidan Shugaba cewa na zubar da mutuncin 'yan ƙasarmu, na koma baƙauya, kuma an samu wani tela.

Da damina ta kewayo hadari ya haɗu da gaske. Mijin Yaya ya dawo daga Kano da ɗan iri a ƙulle cikin buhu, suka tattara suka koma Hamdara, ta ce in zo shuka in da gaske nake. Na je. Rumbunansu huɗu suna tsaye a buɗe, babu ko zangarniya. Mijin yana gaba yana sara da sungumi, mu muna baya da ƙoƙo muna zuba iri muna rufewa da diddige. Ban kai ƙarshen layi ɗaya ba ta zo ta karɓe ƙoƙon daga hannuna.

"Ke, wannan iri ne, ba shinkafar Madam ba. Da yatsa uku ake ɗiba."

Aka mayar da ni inuwa in kula da yara. Geron shekarar bai cika rumbu biyu ba, amma sun ci. Shekara goma sha ɗaya muka yi a Damagaram, kuma ba kakar da ta wuce ban je Hamdara ba. A hannun Inna na haifi 'ya'yana biyu, 'yar Dahome ce ta yi mini zaman jego.

Shugaba ta bar garin tun da wuri, da hatsin taimako ya daina zuwa motocin mijinta suka rasa kaya. Ban sake ganinta ba sai bayan shekaru masu yawa, a wani bikin aure a Kaduna. Ta tsufa, ta ƙara faɗi, muryar dai tana nan. Tana zaune a tsakiyar mata tana ba su labarin farin Nijar, yadda mutane ke faɗuwa a titi, yadda ita da ƙungiyarta suka riƙe Damagaram da abinci har Allah ya kawo ruwa. Tana hango ni ta ɗaga hannu.

"Yauwa, ga shaidata nan! Zo ki gaya musu, ƙarya nake yi?"

Matan suka juyo gaba ɗaya. Na ce, "Gaskiya ne an dafa shinkafa, Madam. Waɗanda suka ci sun daɗe ba su manta da ita ba."

Ta ji daɗi ƙwarai. Ta jawo ni kusa da ita, ta ɗebo tsokar nama biyu daga farantinta ta zuba a nawa, ta ci gaba da labari daga inda ta tsaya.